Sawira, Birnin Iska da Ganuwa: Jagorar Mai Ziyara

Wanda ya baro Marakish da hantsi a watan Yuli, rana na dukan kansa kamar ta Sakkwato a tsakiyar bazara, ba zai yarda ba idan aka ce masa kafin la'asar zai nemi rigar sanyi. Amma haka abin yake. Mota za ta yi ta keta jan fili da itatuwan argan har na kusan sa'a uku, sannan ta hau wani ɗan tudu. Daga nan za ka hango garin kwance a bakin Tekun Atilantika, fari fat, ganuwa ta rungume shi, tsibirai sun tsaya a gabansa kamar dogarai. Kana sauka, iska mai gishiri ce za ta fara yi maka maraba, kuma ba za ta rabu da kai ba sai ranar da ka bar garin.

Wannan shi ne Assawira na ƙasar Maroko, ko Sawira a taƙaice. Turawa sun daɗe suna kiransa Mogador, a jikin tikitin mota da allunan hanya kuwa za ka ga an rubuta Essaouira. Mutanenmu da yawa suna zuwa Maroko, wasu ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas, wasu karatu, wasu saro kaya a Kasabalanka, amma kaɗan ne suke ƙarasawa nan. Ina ganin an yi asara, domin a wannan gari ne ɗaya daga cikin manyan hanyoyin ayarin Sahara take tiƙewa a da, ta miƙa kayanta ga teku. Shawarata guda ce: kada ka yi masa leƙen yini ɗaya. Ka ware kwana biyu cur, ka bi shi da ƙafa, ƙofa bayan ƙofa.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka shiga ƙofa

Wurin tsoho ne ƙwarai, garin da kake gani kuwa bai kai shekara 300 ba. Tun ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, fataken Finikiya suna yada zango a tsibirin da ke gaban garin. Daga baya Sarki Juba na Biyu ya kafa marina a tsibiran, inda ake tatsar rini mai launin shunayya daga jikin wata katantanwar teku, rinin da manyan Rumawa suke ƙawata riguna da shi. A 1506 mutanen Fotugal suka gina sansani a bakin gaɓar, amma cikin 'yan shekaru mutanen ƙasar suka tilasta musu tashi.

Wanda ya kafa garin na yau shi ne Sarki Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi, wanda ya mulki Maroko daga 1757 zuwa 1790. Yana son tashar jiragen ruwa da ke kusa da fadarsa ta Marakish, wadda harajinta zai shigo hannunsa kai tsaye, kuma yana son karya lagon Agadir da ke kudu, inda masu yi masa tawaye suke samun ƙarfi. A wajejen 1765 aka duƙufa ga aikin. Wani injiniya Bafaranshe, Théodore Cornut, shi ya zana tsarin garin, shi ya sa za ka tarar da manyan titunan cikin ganuwa miƙaƙƙu, sun gicciye juna, saɓanin lungunan Fas masu murɗiya. Sunan ma ana fassara shi ta hanya biyu: wasu su ce daga kalmar Larabci ta ganuwa ne, wato 'yar ƙaramar ganuwa, wasu su ce ma'anarsa abin da aka zana da kyau.

Sarkin ya kirawo attajirai, da yawansu Yahudawa, ya ba su jari da kariya, ana kiransu tujjarus sulɗan, wato attajiran sarki. Ya kawo sojoji da magina da iyalai daga wurare dabam-dabam, har yau unguwannin garin suna ɗauke da sunayensu, kamar Ahlu Agadir da Bawakhir. Ayari yakan taso daga Tambutu da zinariya da hauren giwa da gashin jimina da ƙaro da bayi, a nan kuma a sauke shayi da sukari da yadi daga Turai. Don haka aka riƙa yi wa garin laƙabi da tashar ruwan Tambutu. A watan Agusta na 1844 jiragen yaƙin Faransa suka yi masa ruwan igwa saboda goyon bayan da Maroko ta ba Amir Abdulƙadir na Aljeriya. Da Faransa ta kama Tambutu a 1894, sannan ta mayar da hankali kan tashar Kasabalanka bayan 1912, sai kasuwa ta yi ƙaura. Wannan koma-baya ne ya tsare garin daga rushe-rushe, har Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2001.

Lokacin zuwa da guzurin da za ka riƙe

Iska ce sarauniyar Sawira. Mutanen garin suna kiranta taros, tana kaɗawa daga arewa, kuma ta fi ƙarfi daga Yuni zuwa Agusta, musamman bayan azahar. A lokacin da Marakish take haura maki 40 na zafi, nan da wuya ya wuce 25. Idan kana son yawo cikin natsuwa, watannin Afrilu, Mayu, Satumba da Oktoba sun fi daɗi. Daga Disamba zuwa Fabrairu akan yi ruwan sama da sanyi mai ratsa ƙashi da dare. Idan kiɗa ne ya kawo ka, bikin Gnawa da aka fara tun 1998 akan yi shi ne a watan Yuni, amma a lokacin garin yakan cika maƙil, sai ka kama masauki tun watanni kafin ranar.

Ko wane wata ka zo, ka taho da rigar sanyi da takalmin da ba ya santsi. Hula mara nauyi iska za ta sauke maka ita a kan ganuwa, 'yan uwa mata kuma su tanadi fil na maƙale mayafi. Soket ɗin ƙasar mai rami biyu zagayayyu ne irin na Faransa, don haka wanda ya taso daga Najeriya ko Gana ya riƙe abin haɗi, na Nijar kuwa ba shi da wannan damuwa. Kuɗin ƙasar dirhami ne. Naira ba ta canzuwa a can, ka riƙe dala ko yuro ka canza a banki ko shagon canji na hukuma, ka kuma riƙa ajiye ƙananan kuɗi, domin mai gasa kifi da mai amalanke tsaba suke karɓa. Ɗan Najeriya yana buƙatar biza, kowa kuma ya tuntuɓi ofishin jakadancin Maroko na ƙasarsa kafin ya yanki tikiti, saboda ƙa'idojin sukan canza. 

Yadda ake zuwa

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Sawira. Wanda ya sauka a filin jirgin sama na Muhammadu na Biyar a Kasabalanka zai hau jirgin ƙasa daga cikin filin zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan ya kama na Marakish, tafiyar kusan sa'a uku. Wanda ya taso daga Fas ma jirgin Marakish zai hau, sai dai ya shirya wa tafiyar fiye da sa'a shida. A gefen tashar jirgin Marakish akwai tashar motocin Supratours, kamfanin CTM ma yana bin hanyar. Tazarar ba ta kai kilomita 200 ba. Ka sayi tikiti tun jajibere, kuma ka sani ana biyan ɗan wani abu dabam na jakar da za a sa a ƙasan mota.

A hanya za ka iya ganin awaki tsaye a kan rassan argan, masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Gaskiya ne awakin yankin suna hawa itacen don cin 'ya'yansa, amma waɗanda suke jere a bakin titi yawanci ɗora su aka yi, suna wuni a tsaye cikin rana don a biya kuɗin hoto. Wanda ya tashi cikin kiwo ba sai an gaya masa wahalar da ke ciki ba. Ka bar kuɗinka a aljihu.

Mota ba ta shiga cikin ganuwa. A bakin kowace ƙofa akwai masu amalanke da za su tura maka kaya har ƙofar masauki. Ku yi ciniki kafin a ɗora jaka, ka bi bayansa, domin shi ne jagoranka na farko. Idan ka ji an ce "balak" a bayanka, ka raɓe jikin bango, kaya ne ke tafe. Zirga-zirgar bayan ganuwa kuwa ta ƙananan tasi ce masu launin shuɗi.

Masauki

Ka kwana cikin ganuwa. Tsofaffin gidajen attajirai da aka mayar masauki ana kiransu riyad ko dar: ƙofa ƙarama a lungu, ciki kuwa tsakar gida a buɗe, ɗakuna sun kewaye ta hawa biyu ko uku, a sama kuma rufin da ake karin kumallo ana kallon teku. Abu uku za ka tambaya kafin ka biya. Na farko danshi, domin ɗakunan ƙasa sukan yi warin raɓa, ka nemi na sama mai taga. Na biyu matakala, yawancinsu ƙunci ne da tsayi, idan kana tare da tsoho sai a duba masa. Na uku ruwan zafi da bargo, ko da a tsakiyar Agusta ne.

Yini na farko: tasha da ganuwa

Fara da tashar jiragen ruwa, kuma ka je da safe. Daga dandalin Maulaya Hassan, babban filin da shagunan shayi suka kewaye, ka miƙe kudu zuwa Bab al-Marsa, ƙofar teku, wadda aka gina a wajejen 1770 a hannun wani magini Bature da ya musulunta, ana kiransa Ahmad al-Inglizi. Ɗaga kai ka dubi rubutun Larabci da ke samanta kafin ka wuce.

Bayan ƙofar sai wata duniyar. Ɗaruruwan kwale-kwale shuɗaye sun cunkushe gefe da gefe har ba ka ganin ruwa a tsakaninsu. Wani dattijo yana zaune a kan tulin taru, ya maƙale zare a babban yatsan ƙafa, yana ɗinke inda ya yage ba tare da ya dubi hannunsa ba. Samari sun yi layi suna jefa wa juna kwandunan sadin daga cikin jirgi zuwa tudu. Mai fiɗar kifi yana wurga hanji gefe, kafin ya taɓa ƙasa fararen tsuntsayen teku sun cafe, wanda ya kuɓuce musu kuma maguna suna jira. Ƙasa jiƙe take da ruwa da ƙamborin kifi, ka tattare bakin rigarka. Wurin sana'a ne, mutane neman abincinsu suke yi, saboda haka ka yi sallama, ka kauce wa masu kaya, kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini.

A gefen ƙofar akwai sansanin tasha, Sikala ta bakin ruwa, mai hasumiya murabba'i. Ana biyan kuɗin shiga. Daga samanta za ka ga garin gaba ɗaya ta hannu guda, ta ɗaya hannun kuma tsibirin Mogador da kangon kurkukunsa da hasumiyar masallacinsa. An hana sauka a tsibirin sai da izini na musamman, domin mafaka ce ta wani irin shaho da ke zuwa ya yi ƙwai a nan, idan sanyi ya gabato ya tashi har Madagaska.

Da azahar ta yi, ga rumfunan gasa kifi tsakanin tasha da dandali. Tsarin cin kifi a nan shi ne ka zaɓa da idonka, a auna a gabanka, a faɗa maka kuɗi, sannan a ɗora a gawayi. Kada ka zauna sai ka ji jimillar kuɗin, har da burodi da haɗin tumatir da abin sha. Kifi mai kyau idonsa garau yake, cikin kunnensa ja, namansa kuma idan ka danna yana dawowa. Sadin shi ne abincin gari, ya fi araha, kuma idan na ranar ne, gishiri da lemun tsami sun ishe shi. Mai son rangwame ya je kasuwar kifi ta cikin gari, ya saya da kansa, ya miƙa wa masu gashi da ke gefe, su gasa masa a kan ɗan kuɗi kaɗan.

Bayan la'asar ka nufi Sikala ta cikin gari, wato dogon dandamalin da ke kan ganuwar da ta fuskanci teku, mai tsawon kimanin mita 200. Igwoyin tagulla suna jere, bakinsu na kallon ruwa. Kada ka wuce su da sauri. Ka sunkuya ka karanta jikinsu, za ka ga tambarin sarakunan Turai da shekarun da aka zuba su, da yawansu ƙirar Sifen ne. A ƙasa igiyar ruwa tana dukan duwatsu, feshinta na hawowa har fuskarka. A nan ne Orson Welles ya ɗauki sassan fim ɗinsa na Othello, shi ya sa aka sa wa wani fili a garin sunansa. Ka tsaya har rana ta nutse cikin teku. Ga wanda ya saba ganin rana tana faɗuwa bayan gonaki da tsaunuka, wannan kallo ne da ke sa harshe ya kama tasbihi da kansa, kuma kafin ka sauko za ka ji ladanai sun ɗauka daga kowane sashe.

Yini na biyu: kasuwa da unguwanni

Garin yana da kashin baya guda, babban titin da ya taso daga wajen hasumiyar agogo ya miƙe har Bab Dukkala a arewa. Wani titin kuma ya taso daga Bab Marakish ya gicciye shi. Wanda ya riƙe waɗannan biyun a ka ba zai ɓata ba, kuma daga wannan ƙarshe zuwa wancan bai fi tafiyar minti 20 ba. Idan lungu ya ruɗe ka, matambayi ba ya ɓata: ka tambayi mai shago da ke zaune, ya fi yaron da zai biyo ka yana neman lada.

A tsakiyar titin kasuwar gari take, Suƙ Jadid, da rumfunan nama da zaitun da ganyen na'ana'a da kayan yaji, tsohuwar kasuwar hatsi kuma tana gefe. Akwai lungun maƙeran azurfa, sana'ar da Yahudawan garin suka shahara da ita, Musulmi suka gada. Gidan tarihi na Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ƙarami ne, sa'a ɗaya ta isa ka ga kayan kiɗa da tufafi da makamai da tsofaffin hotunan garin.

Daga nan ka shiga tarihin Yahudawan Sawira, domin ba a fahimtar garin sai da shi. A ƙarni na 19 sun kai kusan kashi 40 cikin ɗari na mutanen garin. Attajiransu suna zaune a unguwar Kasba kusa da fada, talakawansu kuma a Mallah, can arewa kusa da Bab Dukkala. Yawancinsu sun yi ƙaura bayan tsakiyar ƙarni na 20, gidajen Mallah da dama suka zube. A watan Janairun 2020 Sarki Muhammadu na Shida ya ziyarci Baitu Zakira, gidan da aka gyara don adana wannan tarihi na zaman tare, wanda ke ɗauke da tsohon wurin ibadarsu. Wurin ibadar malaminsu Hayim Pinto, wanda ya rasu a 1845, shi ma yana nan, kuma jikokin Yahudawan garin suna dawowa ziyararsa duk shekara.

Sayayya iri biyu ce ta fi dacewa da tsaraba. Ta farko kayan katakon ar'ar, wanda masassaƙa suke aikinsa a ɗakunan da ke ƙarƙashin Sikala ta cikin gari, inda a da ake ajiye albarushi. Saiwar itacen ita ce mai tsada, saboda ɗigo-ɗigon da ke jikinta kamar idon zakara. Ana yin akwatuna da faranti da tebura, a cusa musu ado da farin katakon lemun tsami ko ɓawon kifin teku. Ka buɗe akwatin ka shinshina, na gaske yana da ƙamshi mai ƙarfi. Ka duba cikinsa, idan zanen ciki bai yi kama da na waje ba, to, ɓawo aka manna a kan wani katako. Ka tuna kuma an sassaƙa shi ne a gari mai danshi, hunturunmu na iya tsaga shi, sai ka riƙa shafa masa ɗan mai, ka nisanta shi da rana. Itacen ya yi ƙaranci a daji, ƙaramin abu mai kyau guda ɗaya ya wadatar.

Ta biyu man argan. Itacen a wannan yanki na kudu maso yammacin Maroko yake, kuma aikin man na mata ne, kamar yadda man kaɗanya yake a wurinmu: a shanya 'ya'yan, a ɓare, a fasa ƙwallon tsakanin duwatsu biyu ɗaya bayan ɗaya, a niƙa, a matse. Iri biyu ne. Na ci an soya ƙwayarsa, ya fi duhu, yana ƙamshi kamar soyayyar gyaɗa. Na shafawa ba a soya ba, ya fi haske. Aikin yana da wuya, saboda haka wanda aka sallama maka da arha ƙwarai an gauraya shi da wani mai. Ka saya a ƙungiyoyin mata masu rajista, kwalba a rufe da takarda a jikinta. Ka ɗanɗana amlu, wato man argan da aka kwaɓa da niƙaƙƙen almon da zuma, ana dangwala da burodi. Kwalaben kuma a babbar jaka za ka sa su, ba a barin su a jakar hannu a jirgi.

Ciniki a nan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A faɗi kuɗi, ka taya, a yi raha, idan bai yi ba ka yi godiya ka wuce. Abin da ba a so shi ne ka taya, a sallama maka, sannan ka fasa.

Kiɗan Gnawa: ka saurara da kyau

A wani lungu za ka ji wani amo mai kauri kamar daga ƙirji yake fitowa, ƙarafa na biye da shi, kacau-kacau, ba tsayawa. Wannan shi ne kiɗan Gnawa, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake son ɗan ƙasar Hausa ya zo garin nan. Gnawa jikokin baƙaƙen fata ne da aka ƙetaro da su Sahara, yawancinsu a cikin bauta. Wasu sun zo bayan da rundunar Sarki Ahmad al-Mansur ta ci daular Songai a 1591, wasu a ayarin fatake na ƙarnonin da suka biyo baya, wasu kuma zuriyarsu ta shiga rundunar bayi ta Maulaya Isma'ila, wadda ake kira Abidul Bukhari. Sunan unguwar Bawakhir daga nan ya samo asali.

Dubi kayan kiɗan da idon gida. Babban abin kiɗan, gimbiri, mai tsirkiya uku ne, an rufe ƙoƙonsa na katako da fatar raƙumi, ɗan uwan garaya da molo ne ba sai an faɗa ba. Ƙarafan da ake kaɗawa da hannu, ƙaraƙib, sun yi kama da sambani. Babban abin bugun da suke fita da shi titi kuwa sunansa a bakinsu ganga. A cikin tsofaffin waƙoƙinsu suna ambaton ƙabilun da kakanninsu suka fito, Bambara da Fulani da Hausa, da kalmomin da masu rera su a yau ba su san ma'anarsu ba. Suna jingina kansu ga Sayyidina Bilal, kuma zawiyarsu a Sawira sunansa take ɗauke da shi. Shugaban makaɗa ana ce masa ma'allam, kuma garin ya fitar da manya, irin su Mahmud Giniya da ya rasu a 2015. A 2019 UNESCO ta sanya wannan kiɗa cikin al'adun gado na duniya.

Asalin kiɗan na wani zama ne da ake kira lila, wanda ake farawa da dare a kwana ana yi, da turare da yadudduka masu launi-launi, kowane launi da iskokin da ake kira da shi. Masu bincike sun daɗe suna kwatanta shi da bori, kuma kamar yadda malamanmu suke da magana a kan bori, haka malaman can suke da magana a kan lila. Mai ziyara ba ya buƙatar shiga wannan. Za ka ji kiɗan a dandali, a gidajen al'adu, a shagunan masu ƙera gimbiri, ko a lokacin biki. Idan ka tsaya ka saurara, ka ajiye wa makaɗin wani abu. Ka tuna cewa mutanen da aka raba da garuruwansu da harshensu da sunayensu ne suka riƙe wannan amo suka miƙa wa 'ya'yansu, kuma wasunsu daga ƙasarmu aka ɗebo su.

Salla da zaman lafiya da mutane

A masallaci za ka ji kamar kana gida. Malikiyya suke bi, da ruwayar Warshu suke karatu, kuma bayan asuba da magariba za ka tarar da jama'a sun yi da'ira suna karanta izu guda da murya ɗaya. Masallacin Bin Yusuf da na Kasba suna cikin manyan na cikin ganuwa. Akan rufe masallatai tsakanin salloli, ka zo da kiran salla. Ranar Juma'a shaguna da yawa suna rufewa da azahar, kuma ranar ce ta cin kuskus a gidaje da wuraren abinci. Mutanen garin suna jin Larabcin Maroko da Faransanci, da yawa kuma suna jin Shilha, harshen Barbar na ƙabilar Haha da ke kudu da garin. Wanda ya yi karatun littattafai zai iya biyan buƙatarsa da Larabcin makaranta. Lambar 'yan sanda 19 ce, ta motar asibiti da kashe gobara 15.

Bayan ganuwa

Idan lokaci ya rage, rairayin bakin teku ya miƙe daga tasha zuwa kudu na tsawon kilomitoci. Ruwan yana da sanyi ko a tsakiyar bazara, kuma yana da ja, wanda ya koyi iyo a kogi ko tafki kada ya yi nisa. Teku yana janyewa ya dawo sau biyu a yini, ka tambayi lokacin janyewarsa kafin ka taka zuwa kangon hasumiyar Burj al-Barud da ke kusa da ƙauyen Diyabat. Sidi Kawki, mai nisan kimanin kilomita 25 a kudu, ƙauye ne na masunta da masu wasa da igiyar ruwa. Ranar Lahadi kuwa kasuwar Had Dara take ci, kasuwar ƙauye ce ta dabbobi da hatsi, mai son ganin raƙuma da jakuna ya yi sammako.

Ranar tafiya, ka yi sallar asuba a cikin gari, ka koma kan Sikala kafin shaguna su buɗe. A wannan lokaci iska ba ta tashi ba tukuna, babu kowa sai maguna da mai shara, kwale-kwale kuma suna fita ɗaya bayan ɗaya ta gefen tsibiri. Ka juya wa teku baya ka fuskanci kudu maso gabas. Ta can ayari yake ɓullowa bayan makonni a cikin rairayi, da kayansa da mutanen da aka ɗauro a cikinsa. Ka yi musu addu'a, sannan ka sauka ka nemi mai amalanke.